Dauda Ya Dawo Majami'a

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan Tanout lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Ƙanenmu Dauda ya dawo. Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a a majami'a ya ce, "Tsoro ne ya sa na ce ni ba Kirista ba ne lokacin tashin hankalin nan. Ku yafe mini." Baba ya tashi ya fita.

Fasto ya biyo mu gida, ya ce, "Dattijo, Bitrus ma ya yi musun Almasihu. Ikilisiyar farko ta sha gardama kan irinsu Dauda, amma ta karɓi masu tuba."

Baba ya ce, "Bitrus ya yi kuka. Wannan ban ga hawayensa ba."

Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, kuma Baba ne mai miƙa ƙoƙon. Dauda ya ce zai zo. Inna ta kasa cin abinci.

Don Allah ki kira Baba, maganarki kaɗai yake ji. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Gwaggo Tabita.

Ƙanwarki,
Hannatu