Kundin Manoman Albasa da Ya Ɓace Tsakanin Maiyama da Jega

Ɗalha Magaji Sarandosa,
Ɗakin Karatu na Makarantar Sakandare,
Hanyar Sarandosa, Maiyama.
17 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar Karatun Gaba da Digiri ta Bakin Gulbi,
Jega Sabon Gari, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁATAN KUNDIN BINCIKENA NA DIGIRI NA BIYU A FANNIN LABURARE DA KIMIYYAR BAYANAI

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne dattijon nan da ke zama kujerar baya a lacca ta ranar Asabar, wanda gyangyaɗi ke ɗauka da zarar an dawo daga Azahar. Ban musa ba. Amma ina roƙon a lura cewa mai gyangyaɗi ido kawai yake rufewa, kunnuwansa na nan. Ga abin da na ji, na kuma gani:

1. A ranar 6 ga Oktoba, 2025, na karɓo kundina daga wurin mai ɗinkin littafi a Jega, da baƙin bangonsa kamar yadda Cibiya ta shar'anta. Bincikena a kan yadda manoman albasa na Aliero da Sabiyal ke samun bayanin farashi da cutar shuka ne. Damina uku da rani uku ina bin su gona-gona a kan babur, har matata Tabawa ta ce ni da rumbun albasa wari ɗaya muke yi. Sakamakon kuwa bai yi wa sana'armu daɗi ba, domin ban samu manomi ko ɗaya da ya taɓa shiga ɗakin karatu ba. Dillali suke tambaya. Duk da haka na rubuta gaskiya.

2. A ranar 9 ga Oktoba na naɗe kundin cikin takardar buhun siminti, na ɗaure da igiya, na ba Ɗayyabu direba a tashar Maiyama ya kai wa mai duba aikina, Dakta Barakatu. Ɗayyabu mutum ne da ake ba amanar kuɗin shanu. Da na tuntuɓe shi daga baya, rantsuwa ya yi mini a gaban 'yan kamasho, ya ce abin da na ba shi shi ya kai, in kuma ina zaton ya buɗe, to in gaya masa me zai yi da littafin da ba hoto a ciki.

3. A ranar 21 ga Oktoba, Dakta Barakatu, wadda nake girmamawa matuƙa duk da cewa na girme ta, ta shaida mini cewa saƙo ya iso, amma wai tsohon littafin koyar da noman rani ta tarar a ciki, shi ma mai baƙin bango. Tana faɗa tana murmushi, ranka ya daɗe. Ni ban san abin murmushi ba a cikin ɓatan aikin mutum. Da na nemi ganin littafin, sai ta ce yana gida. Wannan ma na riƙe shi a raina.

4. Ta umarce ni in sake bugo wani. Na tafi shagon da aka buga mini, sai mai shago ya ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar da aikina ke ciki. Kwamfuta huɗu ne a shagon. Ita kaɗai wutar ta zaɓa.

5. Akwai wani ɗalibi a ajinmu mai suna Nazir, yaro mai ilimi, wanda shi ma Dakta ce ke duba aikinsa. Da can bincikensa a kan karatun ɗalibai ta wayar hannu ne. A ranar 4 ga Nuwamba na gan shi da idona a kasuwar albasa ta Aliero, yana tsaye da dillalai yana rubutu. Da ya hango ni, har ƙasa ya durƙusa, ya kira ni Baba, ya tambayi lafiyar kundi. Bai taɓa durƙusa mini ba sai ranar. An ce mahaifinsa dillalin albasa ne, lissafin buhuna yake taya shi. Haka aka ce.

6. Ba na zargin kowa. Ina dai jera abubuwa ne kusa da juna, wanda shi ne aikin da gwamnati ke biyana in yi a ɗakin karatu.

7. Mai jarrabawa na waje zai zo ranar 16 ga Disamba, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wa'adin karatuna zai cika a ƙarshen wannan zango. In ya wuce ban kare kundina ba, an sallame ni ke nan, kuma zan yi ritaya a matakin da nake tun ɗana na fari yana firamare. Yanzu shi ma malami ne, mataki ɗaya ne tsakaninmu. Shekarata hamsin da huɗu. Gwiwoyina ba za su sake zagaya Sabiyal ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta, cikin ladabi, da ya sa a binciki inda kundina ya shiga, a kawo littafin noman ranin nan a gaban shaidu, a duba babin da Nazir ke rubutawa a halin yanzu, sannan a bar sunana cikin waɗanda za su gurfana gaban mai jarrabawa. Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamani.

Naka mai biyayya,
Ɗalha Magaji Sarandosa,
Ɗalibin Digiri na Biyu.

Ƙari da biro, 18 ga Nuwamba: An riga an buga takardar nan, kuma roƙona na ƙarshe yana nan daram, shi ya sa na aiko ta yadda take. Sai dai ya kamata Darakta ya sani cewa ranar da na karɓo kundina, tare na karɓo shi da tsofaffin littattafan makaranta da na kai a sake wa bango, su ma baƙi aka sa musu. Yau da safe ina kakkaɓe kantar littattafan aikin gona, na tarar da kundina a jere. An buga masa hatimin makaranta, an manna masa lamba a ƙeya, da rubutun hannuna. Lambar daidai take. Babu wanda ya are shi.