Gyaɗar da Muke Bar wa Gida

Yaya Uwa,

Gaisuwa daga Ingila. Yaya Inna da mutanen Ƙarfi? Mu lafiya, alhamdulillahi, sai dai maigidana Malam.

Ranar Talata ina kwance da littafina ya dawo daga asibiti. Likita ya ga tabo-tabo a hantarsa. Ba ciwon daji ba ne tukuna, amma yana iya zama. Har ya tambaye shi ko yana cin gyaɗa mai fumfuna.

Kin tuna muna ware gyaɗa mai kyau don kasuwa, mu soya ƙuli-ƙuli da sauran muna waƙa? Da shi nake tarbar Malam in ya zo zance. Har yau ina jin ƙanshinsa.

Ki lallashi Inna ta daina amfani da mai fumfunar. Bikin ƙanwarmu Rabi kuwa, ku yafe mini, ba zan samu zuwa ba. Ba zan bar Malam ba.

Ƙanwarki,
Hansatu