Wa Ya Gaya Musu Ba Ya Shan Sukari?

Malama, ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada wasiƙata ta daɗe a kan teburinki, domin abin da nake shirin yi in na yi shi ba ya gyaruwa. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ni ake zuwa wurina neman shawara, ba ni ke zuwa ba. Amma duk wanda zan gaya wa wannan magana a nan inda nake, ko dai da hannunsa a ciki, ko kuma kafin in rufe baki ya kai ta inda ba na so.

Bari in gaya miki ko ni wane ne, kada ki ɗauka mai ƙorafin banza ne. Na baro gida ina saurayi, da takardar sakandare kaɗai, ita ma ban taɓa nuna wa kowa ita ba. A ƙasar da nake zaune yanzu na fara da wanke tsofaffin tayoyi a bayan wani gareji, a kansu nake kwana. Yau ina da shaguna, ina da sito, 'ya'yana na karatu a makarantun da a da ko inuwar ƙofarsu ban isa in tsaya ba. Ba wanda ya ba ni ko allura. Da na zauna da gindina sai na lura 'yan kasuwarmu na zuwa daga gida da kaya na gani na faɗa, fatu, citta, riɗi, zuma, amma suna ta lalube kamar makafi, dillalai na yi musu cin kaza. Sai na tara mutane a falona muka kafa ƙungiya. Ba ma saye, ba ma sayarwa. Aikinmu mu haɗa mai kaya na gida da mai masana'anta na nan, mu kuma kai na nan gida su ga gonaki da majemu da idonsu. Ni ne shugaba tun ranar farko, ba wanda ya taɓa ja da ni.

Yadda nake aikina kuwa ba a makaranta na koya ba. Tawaga ta sauka, da kaina zan je filin jirgi. A gidana za su ci abinci. Washegari in zuba su a mota sai ƙofar masana'anta, in kama hannun mutum in sa a hannun mai kamfani, in ce wannan nawa ne, na tsaya masa. Shi ke nan. Wannan kalmar tawa ita ce jarin ƙungiyar, ba mu da wani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Uwar yarana tana da ƙane. Ni na kawo shi, ni na riƙe shi har ya yi digiri, ni na yi masa aure. Harshen mutanen nan a bakinsa kamar a ciki aka haife shi, ni kuwa nawa na kasuwa ne, ya isa in yi ciniki, ya isa in yi faɗa. Da aiki ya yi yawa na naɗa shi sakatare, shi ne kuma tafinta in mun shiga ofisoshi. Da farko ba laifi. Sai aka yi wata 'yar matsala: wani da na tsaya wa ya aiko da citta kwantena guda, aka buɗe ta yi fumfuna. Tsohon da ke da kamfanin kayan ƙamshin ya yi fushi, na je da kaina na ba shi haƙuri, magana ta wuce. Abin da ba ya wuce wata ɗaya a manta, shi Sakatare ya ɗauke shi ya mai da shi doka. Wai daga yanzu ba wanda za a kai ƙofar kamfani sai an kawo samfurin kayansa ɗakin bayan ofis, an buɗe, an taɓa, an auna danshi da wata 'yar na'ura tasa. Na ce to, don kada a ce na hana ɗan boko aikinsa. Amma Malama, ki duba mini. Mutum ya kira ni, ya ce mahaifinsa da nawa sun yi maƙwabtaka, ya ci bashi ya hau jirgi ya zo, in ce masa sai an shinshina buhunka? Ni ba a haife ni da wannan idon ba. Irin waɗannan sai in ce su shiga mota kawai.

Ranar da idona ya buɗe, mun je wani kamfanin takalma da ban taɓa zuwa da Sakatare ba. Ni na samo wurin, ni na yi waya. Aka zaunar da mu a ɗakin baƙi, kujerun fata, gilashi har ƙasa, ana hango injuna. Matar da ke kawo shayi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya cokali nawa. Ta tambaye ni, ta tambayi baƙi. Da ta zo kansa ba ta tambaye shi komai ba, ta ajiye masa nasa baƙi ƙirin babu sukari, ta wuce. Shi kuwa ba ya shan sukari, likita ya hana shi, amma a goshinsa aka rubuta? Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu abin juyawa.

Daga nan na fara sa ido. Mai gadin wani kamfanin ya ɗaga masa hannu kafin ya ɗaga mini. A wani wurin ya tashi zuwa banɗaki bai tambayi hanya ba, alhali ni da na fi shi daɗewa a ƙasar sai da aka nuna mini. Sannan ga babbar: masu kamfanoni na karɓata hannu bibbiyu kamar da, a yi dariya, a ɗauki hoto, amma in aka zo ba da oda, waɗanda suka bi ta ɗakin bayansa su ke samu. Nawa da na sa a mota sai dai a ce za a neme su, har su koma gida ba a neme su ba. Wannan ba zagon ƙasa ba ne? Yana gina mutanensa, yana rusa nawa.

Da na gaya wa Dogo, abokina mai fatu, wanda muka kwana kan tayoyi tare, ya ce daman yana jin nauyin faɗa mini ne. Ya ce da idonsa ya ga motar Sakatare a ƙofar kamfanin takalman nan ana gobe za mu je, kuma ba ranar ce ta farko ba. Ya ce duk inda zan je, yaron sai ya riga ni. Ya ce 'yan bokon ƙungiya na shirin ɓallewa su kafa tasu, da kamfanonin da na sha rana na samo. Dogo ba ya yi mini ƙarya. Shi ma ya sha wulaƙancin ɗakin bayan nan, an baje fatunsa a ƙasa an ce wai duk yankan wuƙa ne a jikinsu, mutumin da ya girmi mai dubawar nesa ba kusa ba.

Har a gida abin ya canja. Da akwai wasa tsakaninmu, in ya shigo sai ya ce ina angon Yaya, a ba yayata tukuicin riƙon tsoho, in bi shi da takalmi. Yanzu sai ranka ya daɗe, sai Shugaba, har da rusunawa. Ladabin da ya yi yawa ni tsoro yake ba ni. Na yi wa yayarsa maganar, ta ce in kira shi in tambaye shi mana. Yadda ta faɗa da sauri ba ta ko yi mamaki ba, sai na ji ita ma kamar ta san wani abu. Ta ƙara da cewa in na tozarta shi a gaban jama'a ita na tozarta. Tun ranar sai dai a ajiye mini abinci a rufe a koma ɗaki.

Mako mai zuwa akwai babban taronmu, ga tawaga mafi girma da muka taɓa karɓa tana tafe. Niyyata in miƙe a gaban kowa in sauke shi, in ba Dogo kujerar. In na bari har baƙi suka zo, tsorona ya kwashe su zuwa tasa ƙungiyar ina ji ina gani. In kuma na yi, ban san abin da zan tarar a gida ba. In tambaye shi? Ni da na sa masa cokali a baki in je ina tambayarsa ko yana cin dunduniyata? Ki gaya mini gaskiya, ba na son lallashi.

Naki,
Mai Tayoyi

AMSA

Shugaba, na gode da ka yarda da ni, kuma tunda ka ce ba ka son lallashi, ba zan yi maka ba.

Idonka bai yi maka ƙarya ba. Mai lura da kofin shayi ba a banza ya tashi daga bayan gareji ba. Ƙanin maiɗakinka yana riga ka zuwa kamfanonin nan, kuma ya ɓoye maka. Wannan laifi ne, ko da me ya je yi. Sakatare ba ya shiga gaban shugabansa a ɓoye, balle wanda ya riƙe shi. Ladabin da ya ƙaru ma na yarda da kai, na mai nauyi a zuciya ne.

Amma me yake zuwa yi? A nan muka rabu. Ni ban san shi ba, abin da ka rubuta kawai nake da shi, sai dai a cikin wasiƙar taka na ga wani abu da ka wuce da gudu. Ka ce maganar citta ta wuce saboda ka ba da haƙuri. A wurinka ta wuce. Mai kamfanin da injinsa ya tsaya yana jiran kaya zai karɓi haƙurinka don girmanka, amma ba zai sake dogara da kalmarka ita kaɗai ba, kuma masu kamfani suna hira da juna kamar yadda kuke yi. Zatona, surukinka na zuwa ne ya gaya musu wanda aka duba kayansa da wanda aka sa a mota kawai. Shi ya sa ake karɓarka da fara'a, a ba waɗancan oda. In haka ne, ba rusa ka yake yi ba, yana ɗinke maka ɓaraka ne ta hanyar da ba ta dace ba, domin ya kasa duban idonka ya ce Yaya, kalmarka ta fara sauƙi. Ka tambayi kanka ko ka taɓa barin ƙofar da zai faɗi haka.

Kai ka ce jarin ƙungiyar kalmarka ce. To jari ba a raba shi ga duk wanda mahaifinsa ya yi maƙwabtaka da naka. Kuma waɗanda kake tausaya wa ɗin, me suka koma da shi gida ban da hoto? Da an buɗe buhunsu tun farko an gaya musu abin gyara, da sun fi cin riba.

Sai Dogo. Ba na shiga tsakanin mutanen da suka kwana kan taya ɗaya, amma ka lura: maganar motar gaskiya ce, kai ma ka ga alamarta. Maganar sabuwar ƙungiya kuwa daga baki ɗaya ka ji ta, bakin wanda aka mayar wa fatu, wanda kuma kujerar za ta faɗo wa. Shi me ya kai shi ƙofar kamfanin takalma ana gobe za ku je? Tunda ka iya zargi, ka raba shi daidai. Ka je ka ɗaga fatun nan da hannunka ka gani ko akwai yankan wuƙar.

Ga abin da zan ce ka yi. Kada ka sauke kowa a taron nan. Baƙin da suka taho neman inda za su dogara, in suka tarar kuna yaga juna, ba kai ba shi, duk za su gudu. Kafin taron ka je wurin tsohon mai kayan ƙamshi kai kaɗai, ba tafinta. Harshenka na kasuwa da ya isa faɗa ya isa tambaya ɗaya: me sakatarena ke gaya muku in ya zo? Tsoho ba zai ɓoye wa tsoho ba. Daga nan ka kira surukinka, ba a ofis ba, ba a gaban yayarsa ba, ka gaya masa ka sani. Tambayar wanda ka riƙe ba ta rage maka komai, hukunci ba bincike shi ke ragewa. In ta tabbata yana janye kamfanoni don kansa, ka sauke shi a cikin kwamiti, a rufe, kuma maiɗakinka ba za ta ga laifinka ba. In kuwa zatona ne daidai, ka gindaya masa sharaɗi: ba ya sake taka ƙofar kowa ba da saninka ba. Kai ma ka ɗauki naka: ba wanda zai sake shiga motarka sai ya bi ta ɗakin baya, kuma kai za ka tsaya a kan buhun, domin hancin da ya yi shekaru a kasuwa ba ya buƙatar na'ura. Ranar da masu kamfani suka gane haka, ba sauran dalilin da zai sa wani ya riga ka zuwa.

Ita kuma uwar yara, da ta ce ka tambaye shi ba makirci ta yi ba, shawarar da ka biya kuɗin jarida ka nema ce ta ba ka kyauta. Ka buɗe kwanon nan ka kira ta ku ci tare.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya sauki baƙinku lafiya, ya sa nan gaba kaɗan ka sake bin wani da takalmi a tsakar falonka.