Madacin garkarmu da ƙyauren masallaci

Malam Shafi'i, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma kwanakin da aka ɗiba mani sun kusa cika.

Ni kafinta ne, shekarata goma sha bakwai cikin sana'ar. Shagona yana Buza, gidanmu kuwa yana wani ƙauye a karkarar Tama. A garkarmu cikin fadama akwai wani madaci, mutum uku ba su kewaye gindinsa da hannu. Kakanmu ma haka ya iske shi. Ba zan ɓoye maka ba, mu jikokin Azna ne, kuma a gindin iccen nan kakanmu yake yanka zakara kafin shuka. Mahaifina ya bar wannan tun ba a haife ni ba, ya rasu yana sallarsa, amma bakin mutane bai bari ba.

Bana ƙauyenmu ya gama ginin masallacin Juma'a, saura ƙyaure. Baba Barmo, ƙanen mahaifina, ya miƙe cikin taro ya ce gidanmu ya ba da madacin sadaka, ni kuma zan yi aikin. Bai shawarci kowa ba. Liman ya yi mana addu'a, jama'a suka shafa. Ni a waya na ji.

In faɗa maka gaskiya, Malam, da na ji sai da raina ya yi fari. Na gaji da farin katakon da ake kawo mana daga kudu, wanda damina biyu gara ta gama da shi. Madaci ja ne, ga nauyi, in ka goge shi ka shafa mai sai ya riƙa ƙara duhu da sheƙi, kuma gara ba ta cika taɓa zuciyarsa ba. Sau ɗaya na taɓa aikinsa, tun ina koyo, har yau ban manta yadda yake a hannu ba. Na zana ƙyauren nan a bayan kwali ya fi sau goma. Ina son in bar abin da za a riƙa nunawa bayan raina.

To, ga Inna, mahaifiyata. Da na je gida ko gaisuwata ba ta amsa ba. Washegari ta ce mani muddin tana numfashi ba a sa wa iccen nan gatari. Ɓawonsa take jiƙa wa jikoki in ciki ya murɗa ko zazzaɓi ya kama su, matan ƙauye ma wurinta suke zuwa nema. A inuwarsa ta rene mu tana ban ruwan albasa, kuma nan take wuni tun rasuwar mahaifina. Na tambaye ta ko wani abu take tsoro, ta ce ita Allah take tsoro ba icce ba.

Baba Barmo ya ce in muka janye za a ce har yanzu icce muke bauta wa, kuma 'ya'yanmu ne za su sha gori. Ya ba ni zuwa ƙarshen girbi in zo da masu injin yanka daga Madawa. Na manta ban gaya maka ba, bara wani babban reshe ya karye ya faɗa kan shingen maƙwabcinmu Nazifi, reshen yana nan kwance, Nazifi ma ya fara magana.

Na kasa zama wuri ɗaya. In ina shago hankalina yana ƙauye, in na je ƙauye ina neman dalilin komawa. Shekaranjiya na yanka katakon mutane ba bisa awo ba, abin da ban taɓa yi ba. Wani lokaci sai in ji kamar in bi samari Abijan in bar masu iccensu. Abin da ya fi cin raina, ban sani ba ko don Allah nake son ƙyauren nan ko don sunana. In saɓa wa uwa, ko in kunyata dangi gaban jama'a?

Kafinta mai zulumi, Buza

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka ajiye maganar Abijan. In ka tafi, tsohuwa ka bari ita kaɗai da masu gatari.

Ka fi ni sanin katako, amma zulumi ya mantar da kai abin da ka sani. Ɗanyen madaci ba ya zama ƙyaure bana. In an tsaga shi sai an jera shi a inuwa, da sanduna tsakani, ya sha iska shekara ko fiye. In aka yi garaje zai tanƙware ya tsage, ƙyauren ya ƙi rufuwa, kuma kai za a zaga. Sannan tsohon icce da ya fara zubar da manyan rassa sau da yawa cikinsa kogo ne. Je ka ƙwanƙwasa gindin ka saurara. Kada kuma kowa ya taɓa shi sai ka ga ma'aikatan gandun daji, don irin wannan icce ba a sare shi sai da izininsu.

Baba Barmo bai kyauta ba da ya yi sadaka da abin da ba nasa shi kaɗai ba, amma kada ka ɗauke shi mugu. Da gori ya girma, so yake ya wanke sunan gida kafin ya mutu. Sai dai sare icce ba ya rufe bakin mai gori, gobe wani abin zai samo. Inna kuwa ta gaya maka matsayinta, kada ka matsa mata ta yi bayani. Mace ta shekara arba'in a inuwa ɗaya, ba sai ta kawo hujja ba.

Ka ɗauki Baba Barmo ku je wurin liman ku biyu, tun kafin a gama girbi, ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mani. Ba na jin akwai malamin da zai so ƙofar masallaci da hawayen uwa. In shi ya tsaya gaban jama'a ya ce ya karɓi niyyarku ya bar iccen, baffanka ya fita kunya, masu magana kuma sun rasa abin kamawa.

Reshen da ya faɗi ya riga ya sha iska. Ka nemi izinin Inna, ka janye shi, ka gyara wa Nazifi shingensa, ka auna. In bai isa ƙyaure ba, zai isa mumbari, ƙyauren kuma jama'a su haɗa a sayo jan katako ka yi shi da kyau.

Maganar niyya kuwa, kada ka wahalar da kanka. Babu mai sana'ar da ba ya son a yaba aikinsa. Ka gyara ta, ka kama zarto. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya haɗa kan gidanku, ya sa wa hannunka albarka.

Malam Shafi'i