Ƙofar Makewayin Gidan Kumbotso

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abdulrauf a Fatakwal. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan Kura alhamdu lillahi, an sako ruwan kanal, ƙaninka Usaini ya gama dashen shinkafa.

Bayan haka, raina a ɓace yake, da kai da kuma ni kaina. Matarka Surayya ta zo mana ganin gida. Na lura ba ta kusantar randa tun hantsi har Magariba, alwalarta ta Azahar kuma ita ke kai ta Isha'i. Sai na ɗauka azumin nafila take yi, har na tara 'yan matan gidan na ce su yi koyi da ita. Kwana uku da wannan yabo, zazzaɓi da ciwon mara suka kwantar da ita. A asibiti likita ta ce riƙe bawali ne da ƙarancin shan ruwa, kuma in aka ci gaba, ƙodarta da cikin da take ɗauke da shi duka suna cikin haɗari.

Mahaifiyarka ce ta lallashe ta ta faɗi gaskiya. Ashe makewayin gidan hayar da ka kama mata a Kumbotso guda ɗaya ne ga ɗaki tara, yana dab da zaure inda masu adaidaita sahu ke yini. Ƙofarsa tsohon buhu ne, samansa a buɗe, ga benen maƙwabta yana kallonsa. Ta ce matan gidan duk haka suke yi, ba a shan ruwa sai mazan sun watse. Jikinta ya saba, shi ya sa ko a nan ta kasa dainawa. Ta ce sau biyu tana gaya maka, kana cewa ta yi haƙuri, gidan yana kusa da masallaci.

Haba Abdulrauf! A gabana ka karanta babin tsarki. Ka manta cewa malamai sun karhanta salla alhali mutum yana matse? Ka duba kusancin masallaci, ba ka duba suturar iyalinka ba. Ni kuma, da na shekara arba'in ina karantarwa, na ga wahala na kira ta ibada. Astagfirullah.

Ga hukuncina: Surayya ba za ta koma ba sai an sa wa makewayin nan ƙofa mai sakata da rufin kwano, ko ka canza gida. Usaini zai je ya jijjiga ƙofar da hannunsa kafin in yarda.

Mahaifiyarka, da gwaggonka Baraka, da ƙanwarka Kubra suna gaishe ka. Jiya na sake tara 'yan matan nan na janye maganata, sannan na aika wa Surayya da kwanon shana cike da ruwa. An dawo mini da shi babu ko ɗigo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Datti Kura