Tawul Mai Sunan Auta

Litinin

Zuwa ga Yayana, Limamin Cocin Jami'a,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Mu ma lafiya ƙalau, sai bayan nan nawa da keken ɗinki ya gama cinyewa.

Yaya, takardar sunaye ta iso daga ofishin magatakarda ranar Juma'a. Ka san aikina na kowace shekara: in yi wa tawul ɗin masu gama karatu kalmasa, in ɗinka sunan kowane ɗalibi a gefe da shuɗin zare, a ƙarƙashinsa in sa taken jami'arku, "Sani domin hidima". Bana mutum ɗari biyu da goma sha biyu ne. Na 'yata Auta ban jira takarda ba, tun watan jiya na ɗinka shi, don hannuna ya daɗe yana ƙaiƙayin wannan sunan. Sai na buɗe shafi na uku na tarar an ja wa sunan 'yata layi da jan biro, an rubuta a gefe, "Kada a ɗinka."

Haka na ji labari. 'Yata ba ta faɗa mini ba, kawunta da ofishinsa ke kallon ɗakin kwanansu bai faɗa mini ba, jan biro ne ya faɗa mini. Na kira ta, ta ce, "Mama, maganar katin sujada ce, ki bari sai na zo." Kai kuwa na kira ka sau huɗu, sakatariyarka tana ce mini kana taro.

Shekara huɗu yarinyar nan tana karatun jinya ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Asibitin da ta yi gwajin aiki sun ce za su ɗauke ta, amma sai ta kai musu shaidar gamawa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wani. Ka gaya mini abin da ta yi. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaida kowa, ka gaida mini Anti. Ubangiji ya tsare.

Ƙanwarka


Laraba

Zuwa ga ƙanwata abar ƙauna,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Na karɓi wasiƙarki, na kuma ji nauyin yadda labarin ya same ki.

Bari in yi miki bayani dalla-dalla. Waɗanda suka kafa wannan jami'a ba su kafa ta don ba da takardar shaida kawai ba. Sun ce ilimi da hali tare za su tafi, shi ya sa sujadar safe take cikin sharuɗɗan gamawa daidai da kowane darasi. Ana yin ta ƙarfe bakwai, sau huɗu a mako, ana buga wa kowane ɗalibi hatimi a katinsa a bakin ƙofa. A zango guda akwai sujada hamsin da biyu, dole ɗalibi ya samu arba'in. Auta tana da ashirin da tara. Wanda bai cika ba, ba ya zama a kujerar da muke wanke wa masu gamawa ƙafa ranar yaye ɗalibai, ba a ba shi tawul, kuma sai ya maimaita zangon.

Malamanta na jinya sun yabe ta ƙwarai. Amma ki duba matsayina. Ni ne shugaban kwamitin ɗa'a. Bara na hana ɗan wani babban mai taimakon jami'a fita saboda hatimi uku. In na ɗaga wa 'yar ƙanwata ƙafa a kan sha ɗaya, da wane ido zan kalli mutane?

Akwai hanya ɗaya. Dokar ta yarda da uzuri iri biyu: rashin lafiyar ɗalibi shi kansa, ko rasuwar iyaye. Auta ta san likitoci da yawa. In ta kawo takarda cewa ita ce ba ta da lafiya a waɗannan ranakun, ba wanda zai tsananta bincike. Kwamiti zai zauna Litinin mai zuwa. Ki yi mata magana, kuma ki yaga wannan wasiƙa bayan kin karanta.

Ina yi muku addu'a kullum.

Yayanki


Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya aiki, yaya Anti? Mama ta karanta mini wasiƙarka a waya. Ba ta yaga ba, ka san halin ƙanwarka.

Ga abin da ya faru. Abokiyar ɗakina, wadda muke ce wa Siririya, ƙodarta ta daina aiki a mako na biyu na zangon nan. Ana yi mata wankin ƙoda Talata da Alhamis, kuma layin safe aka ba ta, ƙarfe bakwai daidai. Iyayenta sun rasu, goggonta da ta riƙe ta tsohuwa ce, tana can nesa. In an gama mata ba ta iya tsayuwa, jiri ke ɗibarta, ƙafafunta su kumbura har silifas ba ya shiga. Ita tana da uzuri a doka. Wanda zai riƙe ta ne ba shi da shi.

Kawu, na rubuto wa ofishinka tun farkon abin, shafi biyu. Bayan kwana uku aka dawo mini da fom, an zagaye inda aka ce "uzurin bai shiga cikin waɗanda aka amince da su ba", da sa hannunka na roba a ƙasa. Na ɗauka ka karanta. Yanzu na gane ba ka gani ba.

Ba sai na gaya maka yadda ake yi ba. A ɓangarenmu akwai wadda ke shiga da kati shida a cikin littafin waƙoƙi, masu katin suna can suna ramuwar barci. Ta ce mini, "Ke 'Yar Tela, kawo naki mana, wa zai sani?" Na ƙi. Ba don na fi su tsarki ba. Tun ina ƙarama Mama take ce mini ko me zan yi a duniya, kada in taɓa ba wa wani katina, kada in karɓi na wani. Ban taɓa sanin dalili ba, amma in tana faɗa fuskarta canzawa take yi.

Takardar likita kuma ba zan kawo ba. A aji na biyu an koya mana cewa ma'aikacin jinya da ya rubuta ƙarya a fayil sau ɗaya, kada a sake ba shi fayil. Malamin da ya koya mana yana cikin kwamitinka.

Ba na neman alfarma don ni 'yarka ce. Ina roƙo a karanta wasiƙata ta farko a gaban kwamiti, shi ke nan. Ina son aikin nan na asibiti sosai, Kawu, kuma ina jin tsoro.

Ka huta lafiya.

'Yarka, Auta


Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka buɗe ambulan ɗin nan kai kaɗai.

Ka gane shi? Ya yi ja don tsufa, amma sunanka yana nan, da hatimi talatin da huɗu. Ko ɗaya ba ƙafarka ce ta kai shi ƙofar ɗakin sujada ba. Kana shekarar ƙarshe, ka faɗi jarrabawar tauhidi sau ɗaya, ka ce in ka sake faɗuwa Baba zai mutu da baƙin ciki. Kullum da safe kana ɗakin karatu, ni kuma 'yar aji ɗaya ina shiga da kati biyu. Tsohon mai hatimin ba ya gani sosai. Uwar ɗakin kwananmu ce ta gan ni.

Ka tuna kwamiti ya tambaye ni sau uku, "Katin wa?" Yana cikin takalmina, ina takawa, na ce ban sani ba. Suka kore ni saura mako biyar a yaye ku. Kowa ya ce katin saurayi ne. Inna ta rasu tana ganin wani ɗan iska ne ya kashe mini karatu. Kai kuma ka ce naka ya ɓace, aka ba ka sabo, aka cike maka shi bisa amana, don kowa ya san ka da ibada. Ina tsaye a bayan taro lokacin da shugaban jami'a ya durƙusa ya wanke maka ƙafa. Na yi kuka, mutane suka ɗauka na murna ne.

Shekara talatin da ɗaya ban buɗe baki ba. Da ka samo mini aikin tawul na gane abin da kake nufi, na karɓa, na yi godiya. Na so in zama malamar lissafi, Yaya. Yanzu sunayen 'ya'yan mutane nake ɗinkawa.

Ba barazana nake yi maka ba. Da ita nake nufi, da ba kai zan aika wa ba. Ba ni da wani kwafi. Ina so ne ranar Litinin ka shiga da shi a aljihu, ka ji nauyinsa lokacin da ake kiran sunan 'yata. Ni an kore ni don na yi ƙarya dominka. Ita za a hana ta don ta ƙi yi. Ka tashi ka ce musu dokar nan ba ta san masu zuwa sujada ba, katinsu kawai ta sani, kuma kai shaida ne. In ka faɗa, za su ji.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya.

Ƙanwarka


Talata

Ƙanwata,

Salama. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa kai tsaye.

Kwamiti ya zauna jiya. Na shiga da katin a aljihun rigata kamar yadda kika ce. Da aka zo kan Auta, magatakarda ya tuna mini cewa doka ta hana mutum zama a kan maganar danginsa. Ba dole ba ne in fita nan take, ana iya barina in yi magana kafin a yanke. Na miƙe, hannuna yana kan aljihun. Mutum bakwai suna kallona, uku daga cikinsu ni na koyar da su. Sai na ji bakina yana cewa, "Gaskiya ne, bari in ba ku wuri."

Na tsaya a baranda minti ashirin. An karanta wasiƙarta, malamin jinya ya kare ta sosai, amma huɗu suka rinjayi uku. Za ta maimaita zangon, sujada kawai, ba darasi. An yarda a duba ƙara uzuri na uku a doka shekara mai zuwa. Na kira asibitin da kaina, sun ce ba za su iya jira ba.

Ba ni da hujja. Na yi shekara ashirin ina wa'azi a kan gaskiya daga wannan mumbarin, kuma tsoron rasa shi ya fi ƙarfina. Ki yafe mini, in za ki iya.

Magatakarda ya ce in tuna miki ana bukatar tawul ɗin kafin Alhamis.

Yayanki


Laraba

Yaya,

Gaisuwa. Ga tawul ɗari biyu da sha ɗaya, a wanke, a goge.

Na Auta ban warware sunan ba. Na ba ta, ta tafi da shi asibiti jiya da safe. Da shi take goge wa Siririya ƙafa in an gama wankin ƙodar. Ta ce yana shan ruwa sosai.

Ranar Asabar a wurin yaye ɗalibai, in ka durƙusa gaban daro, ka wanke musu ƙafa da kyau. Wasunsu ba su san hanyar ɗakin sujada ba, amma kai za ka gane su.

Baɗi ku nemi wani tela. Katin kuma ka riƙe, dama naka ne.

Ƙanwarka