Dabinon da na ba ɗan kokawa

Laraba, bayan isha'i

Yau ma abinci ya ƙi shiga. Kwana huɗu ke nan kamfani ya sa ni jigilar 'yan wasan Romaniya da suka zo babbar gasar wasannin da ake yi a garin nan. A cikinsu akwai wani ɗan kokawa mai zama kusa da ni, leɓensa kullum a bushe. Shekaranjiya na miƙa masa dabinon da na sayo a kasuwar Dira, ya girgiza kai. Na ɗauka kunyar baƙunta ce, sai na matsa masa yadda Inna ke matsa wa baƙi, har sau uku. Ya waiga ya ga kocinsu na barci, ya ci biyar, ya kora da ruwana.

Ashe sai an auna nauyinsu kafin su shiga fili. Jiya da safe ya ɗara ƙa'ida da ɗan kaɗan, aka cire shi. Ko rigar wasa bai sa ba.

Malam Sani, abokin ɗakina, ya ce, "Dabino biyar ba ya kayar da ƙato, ka bar damun kanka." Wataƙila. Ni dai na san hannuna ne ya miƙa.

Ɗazu na kai su filin jirgi. Na so in ba ɗan kokawar haƙuri, Turancin ya ƙi fitowa. Shi ne ya nuna ledar dabinon da ke gaban mota, ya ce, "Ba ni sauran. Yanzu babu mai auna ni."

Na ba shi duka, ban iya duban fuskarsa ba.